Sauro a Faifan Malam Yero

Duk wanda ya sayi kaset ɗin bege ko na bandiri a Kano a shekarun da soja suka koma bariki, da wuya a ce bai ji aikin hannun Malam Yero ba, ko da kuwa bai taɓa jin sunansa ba. Ba a rubuta shi a jikin kwali. Mawaƙi ake sa wa hoto, mu masu bugawa kuma mu sa adireshin shagonmu a ƙasa. Shi kuwa yana can zauren gidansa a Kabara, ya toshe taga da tsohuwar katifa saboda ƙarar 'yan acaɓa, ya duƙa a kan rikoda.

Ni sunana Hashim, sana'ata buga kaset ce a Ƙofar Wambai, kuma na yi shekaru masu yawa ina karɓar masta daga hannunsa. Masta ita ce uwar kaset, guda ɗaya tilo da ake gyarawa tsaf, sannan mu ɗora ta a inji mu kwafi dubbai daga jikinta. In akwai tari a cikinta, to duk wanda ya saya, daga Kano har Agadas, sai ya ji tarin nan. Saboda haka mai yin masta shi ne mutum na ƙarshe da zai iya tare ɓarna kafin ta bazu.

Mahaifin Yero Bafulatani ne da ya sayar da ragowar shanunsa ya zauna a Ƙofar Dawanau yana dillancin dabbobi. Ya so ɗan ya gaje shi, amma yaron ya fi son zama a gaban wani mai gyaran rediyo da ke bakin titi, har dai uban ya haƙura ya damƙa shi a hannun mai gyaran. Aure ne ya kawo shi Kabara, unguwar su matarsa Asma'u. Ya kama haya, daga baya ya sayi gidan. A nan ya fara zuwa wajen zikiri da rikodarsa a hammata. Mutane da yawa suna ɗauka, amma in ka kunna nasu sai ka ji bandiri ya cinye muryar sha'iri, ba ka jin komai sai dum-dum. Shi kuwa Yero yakan naɗe makirfo da safa, ya ɗora shi a kan matashi, ya yi ta matsawa da shi har ya sami inda murya da bandiri suke zama lafiya. Aka fara roƙonsa kwafi, sannan aka fara biyansa, a hankali gyaran rediyo ya koma gefe.

Ni Babarbare ne ta wajen uba, don haka tun ranar da muka haɗu nake kiransa bawana, shi kuma ya ce Fulani ba su taɓa yi wa mai shan miyar kuka da yatsa biyar bauta ba. Iyakar surutunsa ke nan. In yana aiki, ko sallama ka yi sai dai ya ɗaga maka hannu ka nemi wuri ka zauna. Yana da reza, da salatif mai siriri, da auduga da sufirit na goge kan rikoda, da wani tsohon biro da yake juya zaren kaset da shi. In malami ya yi tari a tsakiyar karatu, sai ya nemo daidai wurin, ya yanke, ya haɗa, ba za ka taɓa gane an taɓa ba. Amma in dariya malamin ya yi, yakan bar ta. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce tari na maƙogwaro ne, dariya kuwa ta mutumin ce. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne baiti ya karye a ƙarshen fuskar farko ta kaset, mai sauraro ya juya ya tarar da rabinsa a baya. Yakan wuni yana sauya jerin waƙoƙi don kawai kowace fuska ta ƙare a inda sha'iri ya sauke numfashi.

Asma'u kuwa, wadda muke kira Maman Sa'ida, duk maganar da Allah ya rage wa mijinta ita ya ƙara wa. Alkaki da nakiya da dubulan take yi na gara, kuma ba a yin biki a lungunsu ba da tukunyarta ba. Daga zaure kana jiyo ta tana ciniki, tana faɗa da kaji, tana ba maƙwabciya labari ta kan katanga. In abin ya ishe shi sai ya ƙwanƙwasa bango da biro, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba da raɗa, raɗar da ta fi maganar wasu ƙarfi.

Da aka buga gangar siyasa a 1999, aiki ya zubo mana irin wanda ba mu taɓa gani ba. Tun daga mai neman kansila har sama, kowa yana son waƙarsa. Ga kuma waƙoƙin fina-finai da ake yi da fiyano, kullum sababbi. Mawaƙa su ɗauki waƙa yau cikin gaggawa, gobe su kawo wa Malam Yero, jibi suna so ta hau motar kamfen mai lasifika.

"Malam, a ƙara mata wuta," haka suke ce masa. "So muke in mota ta taso daga Ƙofar Mata a ji mu a Kurmi."

"Allura ta shiga ja," yakan ce, ya nuna musu 'yar allurar da ke rawa a fuskar rikoda. "In na ƙara, muryarka za ta tsage."

"A tsaga ta, Malam. Ai jama'a ƙara suke so."

Ba ya tsagawa, amma yana kai ta har bakin iyaka, kuma don ya san iyakar dole ya saurara da ƙarfi. Tun hantsi abin ji yake manne a kunnuwansa har magariba, in an ɗauke wuta kuma ga janareto yana ruri a bakin ƙofa. Haka ya yi shekara da shekaru, ba wanda ya ga aibun abin, har ni.

Wajen zaɓe na biyu faifan sidi ya shigo kasuwa. Yawancin sa'anninsa suka ce su kam sun tsufa da koyon sabon abu. Malam Yero, yana da shekara hamsin da 'yan kai, ya sayi kwamfuta ta hannu, ya riƙa zuwa Fagge wajen wani Mikail da ya taɓa aiki a sitidiyo a Legas, yana koya masa. Na ga ranar da ya fara kama ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur, wanda yake kira ɓera. Da yatsa biyu ya riƙe shi, kamar zai cije shi. Bai yi wata nawa ba sai ga shi yana yanka tari a jikin gilashin kwamfuta ba reza ba salatif, yana murmushi shi kaɗai.

Ana nan sai wani sha'iri mai suna Nata'ala, wanda ya daɗe yana kawo masa aiki, ya ce yana son a fitar da begensa a sidi. Malam Yero ya yi masta ya aiko mini. Al'adata ce in buga 'yan ƙwaya kaɗan na gwaji in saurara kafin in saki inji. Ina kunnawa sai na ji wani siririn fito a bayan waƙar, tun daga bismilla har ƙarshe, ba ya hawa ba ya sauka. Na canza na'ura, yana nan. Kaset yana da nasa shuu da ke rufe irin wannan, amma sidi ba ya rufa wa kowa asiri.

Bayan la'asar na hau babur na tafi Kabara. Na same shi shi kaɗai, na ce masa akwai ɗan abin da nake so ya ji. Ya sa faifan, ya jingina, ya lumshe ido kamar yadda ya saba. Baiti ya wuce, wani ya wuce.

"Ka ji?" na ce.

"Me?"

"Fiton nan."

Ya ƙara murya. Fiton ya cika zauren har ina jin sa a haƙorana. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya dube ni yana jiran in ce wasa nake yi irin namu. Sai muryar Maman Sa'ida ta fito daga cikin gida.

"Malam, wane irin sauro ne wannan kuka kunna mana? Ku rage, don Allah, kaina zai tsage."

Ya kashe na'urar, ya cire faifan, ya riƙe shi a hannu yana kallo. Can ya ce, "Alhaji, ka ba Nata'ala haƙuri, ka ce masa ya ɗan jira." Na tashi na yi masa sallama.

Ya je asibiti. Likita ya gwada shi ya ce ƙarar da ya yi shekaru yana sha ce ta cinye masa sashen ji, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Da ya zo shagona yana ba ni labari, cewa ya yi, "Sautukan ƙasa, masu kauri, suna nan. Ina jin bandiri, ina jin muryar maza. Na sama, sirara, su ne suka tafi." Sannan ya ce in nemo masa mai sayen kayan aikinsa. Na ce to, amma ban nemi kowa ba. In ya tambaya sai in ce kasuwa ce ba ta da daɗi. Zauren ya zauna a rufe. Yana fita masallaci ya dawo, ya zauna a dakali, ba ya ko kunna rediyo.

Rannan Maman Sa'ida ta aiko a kira ni. Na tsaya a soro na biyu, ita tana daga bakin ƙofar tsakar gida, shi kuma yana zaune a kan tabarma tsakaninmu, ya sunkuyar da kai.

"Alhaji, na kira ka ne ka zama shaida, don in ni kaɗai ce cewa zai yi surutuna ne na kullum," ta ce. "Ni na daɗe da sanin abin nan. Cokali ya faɗi a bayansa bai waiwaya ba. 'Yan tsaki su yi ta kuka a gindin ƙafarsa bai sani ba. Yara su yi sallama, ni nake amsa masa daga ciki don kada a ce ya yi girman kai. Na yi shiru ne don na ga bai shirya ji ba."

"Ke kika yi shiru?" ya ce, bai ɗago ba.

"Ni na yi shiru, ka rubuta ranar. To yanzu ni ban ga abin da ya ƙare ba. Hannunka yana nan, kanka yana nan. Kunne ne ya tafi, kuma akwai guda biyu a gidan nan da ba abin da suke yi sai kwasar labarin maƙwabta. Ka ɗauke su aiki."

"Aikin nan ba ji kawai ba ne, Ma'u."

"Ni ma ban ce zan taɓa maka ɓeranka ba. In ji, in gaya maka, kai ka san abin da za ka yi."

Ya ce a'a. Ya ce mutane sun ba shi amanar muryarsu ne don sun yarda da kunnensa, ba zai karɓi aiki da kunnen aro ba. Ta ce ai ba aro ba ne, sadaki ya biya. Na yi dariya, shi bai yi ba. Muka watse a haka.

An ɗauki makonni. Ban san abin da ya gudana tsakaninsu ba, kuma ban tambaya ba. Wata safiya dai na biya sai na tarar da shi a durƙushe yana huda bangon zaure da ƙusa mai tsawo. Ya zura waya ta ramin, ya kai ta har rumfar da Maman Sa'ida take suya, ya kafa katako ya ɗora lasifikarsa mafi kyau a kai, ya lulluɓe ta da ƙyalle saboda hayaƙi. Tun a ranar suka fara rigima. Shi ya ce ba a sauraro ana suya, don ƙarar mai za ta rufe komai. Ita ta ce alkakin mutane ba zai jira sha'iri ba. Aka daidaita a kan safiya, bayan an karya, kafin ta hura wuta.

Da faifan Nata'ala suka fara, ina zaune. Ya kunna, ta ɗaga murya daga ciki: "Sauron yana nan!" Ya taɓa wani abu a kwamfuta ya sake kunnawa.

"Ya mutu," ta ce. "Amma ka tafi da hasken muryar bawan Allah, ya koma kamar mai mura."

Malam Yero ya tsaya cak. Ya dube ni, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Rabon da in ga dariyarsa tun kafin zuwa asibiti. "Gaskiyarta," ya ce. "Na yanka da faɗi." Ya rage yankan kaɗan-kaɗan, tana cewa saura, saura, har ta ce, "Tsaya nan. Ga mutum ya dawo, sauro bai biyo shi ba." Daga baya ma ita ta gano inda fiton yake fitowa. Ta yafa mayafi ta shigo zauren da babu baƙi, ta bi kayan ɗaya bayan ɗaya tana kara kunne, ta tsaya a kan wata tsohuwar na'urar daidaita wuta da ke ƙarƙashin tebur ta ce, "Ga gidan sauron." Ya cire ta ya sayi sabuwa.

A hankali suka yi yarensu. In ta ce ana suya, shuu ɗin kaset ne ya yi yawa. In ta ce zuma ta shigo, gurnanin wutar lantarki ne. In ta ce an jefa mutum a randa, to murya ta yi kauri ta dushe. In kuma ta ce gishiri ya yi yawa, ya san na sama sun yi kaifi har suna sukar kunne. Shi yana ganin sautin a gilashi kamar tsaunuka, ita tana jin sa, kuma mastocin da suka riƙa zuwa mini daga lokacin ban taɓa mayar da ko ɗaya ba.

Sai dai wanda ya ɗauki Maman Sa'ida aikin ji ya ɗauki bakinta ma. Ba a jima ba ta fara ba da ra'ayi a kan abin da ba a tambaye ta ba. Wannan amshin ya yi tsawo. Wancan yaron da hanci yake waƙa. Yakan ce mata, "Sauti na tambaye ki," ta ce ai kyauta ta ƙara masa. Ana gab da zaɓe na uku wani mawaƙi ya kawo waƙar wani ɗan takara. Aka kunna mata har ta ƙare.

"Ma'u, yaya?"

"Ba sauro, ba zuma, ba suya. Amma akwai zagin uwar mutum a baiti na tsakiya, kuma matar tana da rai, a Ƙofar Ruwa take, na taɓa yi wa jikarta gara. Ba za a sake kunna wannan a rumfata ba."

Ya ce su ba ruwansu da abin da mawaƙi ya faɗa, gyaran sauti aka kawo musu. Ta miƙe ta zare wayar daga bayan lasifika ta rataye ta a ƙusa. Wuni guda ba su yi wa juna magana ba, abin da a wajenta ya fi azumi wuya. Washegari ya kira mawaƙin ya ce ko a cire baitin ko ya kai wani wuri. Mawaƙin ya yi fushi ya kwashi kayansa. Da muka haɗu, Malam Yero ya ce mini, "Ka san wani abu, Alhaji? Shekara talatin ina sauraron waƙoƙin mutane, ban cika jin abin da suke faɗa ba. Ni dai allura nake kallo."

Da farko ba ya son a san da maganar, ni ma na kama bakina. Amma ba a ɓoye muryar Maman Sa'ida. Mawaƙa suna zaune a zaure za su ji an ce daga ciki, "An jefa shi a randa!" su ga Malam ya gyaɗa kai ya kama ɓera. Nata'ala ne ya fara fitowa fili. In ya zo karɓar aiki sai ya ce, "Hajiya ta saurara?" In an ce ta saurara, ba ya ko gwadawa. Wani abin da ba mu zata ba kuma, malaman Islamiyya mata, waɗanda da sai dai su aiko da kaset ɗin waƙoƙin ɗalibansu ta hannun wani, suka fara zuwa da kansu. Su wuce zaure su shiga ciki, su zauna a rumfa su saurara tare da ita, su faɗi abin da suke so, ita kuma ta ƙwala wa Malam ta bango. Har ta kai wasu ranakun rumfar ta fi zauren cika.

Sana'ar ba ta kai mu inda muka zata ba. Wayar hannu ta zo, yara suka koma tura waƙa a 'yan katuna kamar farce, masu sayen faifai suka yi ta raguwa. Na lulluɓe injinana da buhu na koma sayar da caja da batir. Malam Yero bai yi ƙorafi ba. Ya ce ya shigo da kaset, ya ga sidi, ya isa haka. Jinsa kuma ya ci gaba da raguwa, har ya zamana muryar mata da ta yara ba ya kama ta sam.

Kwanan baya na je gaishe shi, na tarar 'yarsu Sa'ida ta kawo jikoki. Aka shigar da ni tsakar gida, don yanzu mun tsufa, ba wanda yake yi mini shamaki. Na yi masa magana ya ji, ya tambayi kasuwa, na ce sai a hankali, ya ce Barebari ba su iya ciniki ba shi ya sa. Sai Maman Sa'ida ta zo da kwanon fura, ta durƙusa kusa da shi, ta saukar da muryarta can ƙasa, ta yi kauri kamar ta wani ƙaton dattijo, ta ce, "Malam, a sa maka sukari ko a bari?"

Jikokin suka fashe da dariya, har ƙaramin yana birgima a tabarma. Sa'ida ta ce mini haka mahaifiyarta take yi masa magana yanzu kullum, ta gano in ta yi da muryarta ta ainihi ba ya ji, in ta kwaikwayi maza kuwa yana ji sarai. Wai har ta saba, rannan ta amsa wa mai sayen nakiya da muryar, yarinyar ta ruga da gudu.

Malam Yero bai san abin da ake wa dariya ba. Ya dubi matarsa ya ce, "Kaɗan dai, Ma'u."

Ta zuba masa cokali biyu, ya ɗaga gira, ta ce da murya mai kaurin nan ai kaɗan ɗin ke nan. Ya karɓa ya sha, ya miƙo mini ludayi.